Kafin Ku Tashi Zuwa Sarandib

Ɗana, mahaifiyarka ta aiko mini da takardar da ka tsara ta hutun da za ku je kai da maiɗakinka, ta ce in duba tunda na taɓa taka ƙasar. Na duba, na ƙirga garuruwa tara a cikin kwana bakwai. Ka ɗauki biro ka soke shida.

Na san taswira ce ta ruɗe ka. Siri Lanka, wato Sarandib, ba ta kai jihar Neja faɗi ba, murabba'in kilomita dubu 65 ce da 'yan kai, sai mutum ya ɗauka zai karya kumallo a wannan gaɓar teku ya yi azahar a waccan. To, tsakiyar tsibirin tsaunuka ne, hanyoyinsu a murɗe suke, ga ƙunci, ga direbobin bas da ba su san haƙuri ba. Daga Kolombo zuwa Kandi kilomita 115 ne kacal, amma ka ware masa awa uku zuwa huɗu. Daga Kandi zuwa Nuwara Eliya bai cika kilomita 80 ba, shi ma sai ya cinye maka kusan awa uku. In kun bi waccan takarda, za ku dawo ba abin da kuka sani a ƙasar sai ƙeyar direba.

Ka riƙe Kolombo, da Kandi tare da tuddan shayin da ke bayanta, da Galle a bakin tekun kudu. Jafna da tsofaffin biranen arewa irin su Anuradhapura ba inda za su, in da rai da rabo wata shekarar kwa same su. Kuma ba gajiya kaɗai nake ji muku ba. Mutanen can suna da son baƙo, sai dai karamcinsu ba ya sanarwa kafin ya zo. Mai kanti ne zai jawo maka kujera, ko wanda kuka haɗa sahu a masallaci ya ce sai kun je gida an sha shayi. Wanda ya cika yininsa dam da wuraren zuwa, amsarsa kullum ɗaya ce: a yi haƙuri, mota na jira. Ina so kowace rana ka bar awa biyu ko uku da ba ka tanadar musu komai ba, saboda irin wannan gayyata.

Abin da ake gamawa tun daga gida ba shi da yawa. Maganar biza ka kammala ta kafin ka biya kuɗin jirgi, kada ka dogara da cewa za a buga maka a can. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo, naka da nata. Damina biyu gare su: ɗaya tana dukan kudu da yamma da tsaunuka daga Mayu zuwa Satumba, ɗayar tana sauka arewa da gabas wajen ƙarshen shekara, don haka Fabrairun da ka zaɓa ya dace da inda za ku. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi. Kuma ka tuna, kai da ka tashi kana kallon gabas in za ka yi salla, a can alƙibla tana yamma ne, ka ɗan karkata arewa. Jiki ya riga ya saba, ranar farko sai ka kula.

Filin jirgin yana Katunayake, sama da kilomita 30 arewa da Kolombo. Yini ɗaya ya ishi birnin. Ku tafi Peta da safe, tsohuwar kasuwarsu, inda kowane layi yake da sana'arsa: nan yadi, can gwal, gaba kayan wuta, gaba busasshen kifi da tun daga nesa hanci zai gaya maka. Masu tura kaya a amalanke suna tafe suna ihun a ba su hanya, kuma da gaske suke. A cikin wannan cunkoson ne za ka ɗaga kai ka ga Masallacin Jami'ul Alfar, wanda aka gama a 1909, an yi masa ado da zanen ja da fari tun daga ƙasa har sama, ƙubbobinsa an yi su da siffar rumman. Ka yi azahar a nan. Musulmin ƙasar kusan kashi 10 ne cikin ɗari, yawancinsu Shafi'awa, harshen gidansu Tamil. Za ka ji liman yana bayyana bisimilla, da asuba kuma ka ga an ɗaga hannu ana alƙunutu a fili. Ka bi liman, ka bar malantar a gida. Da la'asar sakaliya ku je filin Galle Face a bakin teku, inda iyalai ke fitowa shan iska yara na tashin filfilo da zare, ku sayi ƙosan da ake manna masa jatan lande a ka.

Tunda abinci ya shigo, bari in tsaya a kansa, don na san cikinka. Kada ka kai maiɗakinka har Sarandib ku ƙare a kan soyayyen dankali da kaza. Abincin rana a ƙasar shinkafa ce a tsakiya, an kewaye ta da 'yan kwanuka biyar ko shida: miyar wani ƙaramin wake da aka dafa da madarar kwakwa, miyar kifi, ganye yankakke, da abin da suke kira pol sambol, kwakwa ce gurzajjiya da aka dake da barkono da albasa da lemon tsami da ɗan busasshen kifi. Da hannun dama ake ci, a ɗibi kaɗan daga kowane a cakuɗa da yatsu. Barkononsu ba wasa, ko kai da kake taƙama da yaji ka fara da kaɗan.

Abin da na fi so shi ne appa. Ƙullin shinkafa ne da madarar kwakwa da aka bari ya tashi, kamar dai na waina, amma ba a tanda ake sa shi ba. Mai suyar tana da 'yar kasko mai zurfi. Za ta zuba ludayi ɗaya, ta kama hannuwan kaskon biyu ta juya shi sau ɗaya, ƙullin ya bi gefe ya lulluɓe, ta fasa ƙwai a tsakiya ta rufe. Bayan ɗan lokaci sai ta zare maka shi da siffar kwano, bakinsa siriri yana ƙaras-ƙaras, tsakiyarsa laushi. Ka tsaya ka kalli hannunta kafin ka ci. Da dare kuma, in ka ji ana buga ƙarfe da ƙarfe a kan titi da wani irin kiɗa, ba maƙera ba ne, masu kottu ne: gurasa ce suke daddatsawa da faifan ƙarfe biyu a kan wuta, tare da kabeji da ƙwai da nama. Maganar halal ba ta da wuya. A kowane babban gari akwai gidajen abincin Musulmi, kuma suna da kasuwa har a wajen waɗanda ba Musulmi ba. Inda babu, kifi da ganye sun wadatar, amma ka riƙa tambaya, don ana cin alade a wasu gidajen. Ƙananan gidajen abinci kan jera maka faranti cike da soye-soye ba ka ce a kawo ba. Kada ka tsorata, abin da ka ci kaɗai za a ƙirga. Ƙishirwa kuwa, ga kwakwa mai ruwan goro a bakin kowace hanya, a sare maka kanta a gabanka.

Kandi ce inda nake so ka fi nutsuwa. Ita ce masarauta ta ƙarshe da ta rage a tsibirin. Turawan Fotugal da na Holan sun riƙe gaɓar teku ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya iya riƙe Kandi saboda tsaunuka, sai a 1815 Ingilishi suka karɓe ta. A tsakiyar garin akwai tafkin da sarkinsu na ƙarshe ya sa aka haƙa, a bakinsa kuma ga ɗakin ibadar da suke ajiye abin da suka yi imani haƙorin Buda ne. Kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiya Buda ne, kuma wannan gida yana da girma ƙwarai a wurinsu. Za ka ga tsofaffin mata cikin fararen kaya, kowace da furen bado a tafin hannu.

Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura. Ni ban ce ka kai can ba, su ma ba su nema ba. Ba wanda zai ce ka ajiye fure ko ka durƙusa. Abin da suke so a kiyaye kaɗan ne: a cire takalmi, a cire hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma kada a juya wa mutum-mutumin Buda baya don ɗaukar hoto. Wasu wuraren sukan ce a cire abin da ke kai har ga mace. In aka faɗa wa maiɗakinka haka, kada ka tsaya musu da mai gadi. Ku yi godiya ku juya, ku zagaya tafkin, ko ku tafi lambun Peradeniya ku yini cikin itatuwa, ba abin da ya ragu daga hutunku. Kai ma in zuciyarka ba ta kwanta da shiga ba, ba dole. A cikin bas kujerun gaba na malamansu ne, masu askakken kai da mayafi ruwan goro, kuma mace ba ta zama a gefensu ko ta miƙa musu abu hannu da hannu. Ranar da wata ya cika kuma, wadda suke kira Poya, hutu ce a ƙasar kowane wata, ba a sayar da giya, mahauta ma sukan rufe, to kada ka tayar da hankali don ka rasa nama.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. Ƙasar ta yi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. A 2018 an yi tarzoma kusa da Kandi aka ƙona kantuna da gidajen Musulmi. A ranar Ista ta 2019 wasu da ke kiran kansu Musulmi suka kai hari coci-coci da otal-otal suka kashe sama da mutum 250, bayan nan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka sha wahala a wasu garuruwa. Yanzu ana zaune lafiya, kuma zaman nan da ƙyar aka gina shi. Kai baƙo ne, raɓa, kwana bakwai za ka yi ka tafi. In ka yi abin da bai dace ba da hularka da gemunka, 'yan'uwanka na can ka bar wa. In wani ya ɗauko maka zancen yaƙi ko na siyasa, ka saurara, ka jajanta, kada ka yanke hukunci.

Daga Kandi sai hawa. In layin dogo yana aiki, don zaftarewar ƙasa takan katse shi, ku hau jirgin ƙasa. Ba ya sauri, kuma rashin saurin ne amfaninsa: yana ratsa gonakin shayi da ramukan dutse da gadoji, hazo na shigowa ta taga. Nuwara Eliya tana sama da mita 1,800 daga teku, da dare sanyi ne na gaske, ku riƙe rigunan sanyi.

Kai da kullum kake zaune a teburin mai shayi, ya kamata ka san daga ina ganyen yake. Da can kofi ake nomawa a tuddan nan. Wani ɗan Sukotland, James Taylor, ya gwada shayi a gonar Loolecondera a 1867, bayan shekara biyu wata cuta ta fara cinye ganyen kofi har ta kashe noman, sai kowa ya koma shayi. Lipton da kake ji suna ne na mutum, Thomas Lipton, wanda ya sayi gonaki a can a 1890. Yau ƙasar tana fitar da sama da kilo miliyan 250 a shekara daga gonakinta. Ku shiga masana'anta ɗaya ku gani: ana shanya ganyen a dogayen kwamaye iska na bi ta ƙasa har ya yi laushi, a murza shi, a bar shi ya rine ya koma jan ƙarfe, a busar da zafi, a tankaɗe. Garin da ya faɗo ƙarshe, mafi laushi, shi ake ɗurawa a 'yan jakunkunan da kake tsomawa a kofi.

Amma ka fi kallon masu tsinkar. Yawancinsu mata ne, Tamilawa, jikokin waɗanda Ingilishi suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1948 aka hana yawancinsu takardar zama 'yan ƙasa, maganar ba ta gama warwarewa ba sai a 2003. Mace tana tsaye a gangaren da kai ba za ka iya tsayawa ba, buhu a baya igiyarsa a goshi, hannu biyu na aiki, ganye biyu da toho ɗaya kawai take cira a kowane reshe, kuma sai ta tara kusan kilo 20 kafin a ce ta yi aikin yini. Baƙi kan tsayar da mota su ɗauke su hoto kamar wani ɓangare na gonar. Kada ka yi haka. Ka gaishe ta, ka nemi izini, in ta yarda ka sa mata wani abu a hannu, in ta ƙi ka mayar da wayarka aljihu.

Na san za ka tambaye ni dutsen Annabi Adamu. Yana nan cikin tsaunukan, tsawonsa mita 2,243, a kansa akwai wani gurbi a dutse mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buda sun ce na Buda ne, Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi kuma tun da daɗewa suna cewa nan Annabi Adamu ya sauka, labarin da muka ji a bakin malamai muna yara. Ibn Batuta ya hau shi a 1344, shi ɗin dai da daga baya ya zo Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya kuma ba da labarin sarƙoƙin da ake kamawa wajen hawan. Yanzu matakala ce, sama da 5,000, ana farawa da tsakar dare don a riski fitowar rana, lokacinsa daga Disamba zuwa Mayu. Ra'ayina: labarin na masu tarihi ne, ba ibada ba ce, ba lada aka ce akwai ba. In kuna da ƙafa ku je don kallo, amma ka sani zai ci muku dare ɗaya da yini biyu na ciwon cinya. A hutun kwana bakwai, ni da na hango shi daga nesa na wuce. In kuma kun shiga ciyawa bayan ruwa, ku duba ƙafafunku, akwai matsattsaku.

Wajen gangarowa kudu hanya takan bi kusa da dajin Udawalawe, inda giwaye ke yawonsu. Safiya ɗaya a motar daji ta isa. Wanda ya ce ku zo ku hau giwa mai sarƙa a ƙafa, ku ba shi haƙuri.

Galle ita ce wurin hutawarku, ku ba ta kwana biyu. Turawan Fotugal suka fara gina ganuwarta a 1588, na Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa ta da dutse, kuma har yau mutane na zaune a ciki, da makarantu da kotu da gidajen Musulmi da suka daɗe a wurin. Masallacin Meeran yana fuskantar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, fari fat, in ba ka lura da jinjirin wata ba sai ka ɗauka coci ne. Da yamma kowa kan hau kan ganuwar, yara na wasan kurket a ƙasa. Ranar 26 ga Disamba 2004, da ambaliyar tsunami ta kashe sama da mutum dubu 30 a ƙasar, wannan ganuwa ta kare na cikinta, tashar mota da kasuwar da ke waje kuwa ruwa ya share su. Duk wanda ya haura shekara talatin a gaɓar nan yana da labarin ranar. Kada ka tono, in ya kawo da kansa ka ba shi kunne.

Tekun kuma, ɗana, kai ɗan tudu ne. Wankan da ka iya a rafi ba ya aiki a nan. Akwai igiyar da ke ja ta ƙasa a wurin da sama yake kwance lumui. Inda ka ga jan tuta, ko ka ga 'yan gari ba sa shiga, iyakarka idon sawu. Sauron can ma da rana yake cizo, shi ke kawo zazzaɓin denge, ku riƙa shafa magani.

Ba kowane murmushi ne na Allah da Annabi ba, wannan ko'ina haka ne. Mai keke mai ƙafa uku zai ce maka wurin da za ka a rufe yake yau, amma ya san wani kantin yaƙutu da ake rangwame. Ƙasar tana da duwatsu masu daraja da gaske, Ratnapura da kasuwar Beruwala sun shahara da su, amma wanda bai san dutse ba gilashi zai saya. Ka sa a kunna mita ko ku yi ciniki kafin ka hau. Masu kamun kifin da ke zaune kan sanda a cikin ruwa, da yawansu yanzu hoton suke sayarwa, ka san da haka kafin ka ɗaga waya. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗaure fuska ga kowa, kuma kada ka matse talaka a ciniki kan abin da bai kai kuɗin ruwan leda ba. A 2022 tattalin arzikinsu ya durƙushe, mutane suka kwana a layin mai da na gas, har shugaban ƙasa ya gudu. Da yawa ba su gama farfaɗowa ba.

In Allah ya sa an gayyace ku gida, ku je. Ka tsaya a hanya ka sayi biskit ko kek ko 'ya'yan itace, haka su ma suke yi, in kuma ka taho da hula ɗinkin hannu ko 'yar jakar fata daga nan, ta fi. Ka miƙa da hannu biyu. Takalmi a bakin ƙofa. Za a kawo shayi baƙi da ɗan gutsuren mazarƙwaila a gefe, wadda ake yi da ruwan wata bishiya da suke kira kitul: ka gatsa kaɗan, ka kurɓa a kai. Sau da yawa masu gidan ba za su ci tare da ku ba, za su tsaya a kanku ne suna ƙara muku, kuma kwanon da ka share tas za a sake cikawa, don haka in ka ƙoshi ka rage loma ɗaya. A gidan Musulmi, in kun yi sa'a, za a kawo watalappan, ƙwai da madarar kwakwa da mazarƙwailar nan da aka turara, abin sallarsu ne. Za a tambaye ku daga ina, yaushe aka yi auren, ina 'ya'ya, yara kuma za su zuba muku ido don ba kullum suke ganin irinmu ba. Ba raini ba ne. In kun yi magana suka kaɗa kai gefe da gefe, ba ƙi suka yi ba, to suke cewa. Kada ka ciro kuɗi a gidan da aka kira ka don girmamawa, ka karɓi lambarsu, in kun dawo ka kira ka ce kun iso.

Tsaraba kuwa kada ka wahalar da kanka. Shayi ka duba kwalin da ke da tambarin zaki riƙe da takobi, shi ne shaidar a can aka noma aka ɗura. Sai kirfa, wadda saboda ita Turawa suka yi ta faɗa kan tsibirin. Ta gaskiyar ba ta da kauri: ɓawo ne siriri da aka naɗe falle kan falle, launinta ya fi haske, in ka matsa da yatsa sai ta ruguje. Mai kaurin nan mai tauri da muke saya a kasuwa wata iri ce dabam. Ni rabin kilo ya ishe ni, ta sanda, ba gari ba. Mahaifiyarka ta ce a ƙara mata masoro da kanumfari.

Ka gaishe mini da 'yata. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.

Kawunka.